Yadda Muke Kiran Gayya a Ikkilisiya

A yawancin majami'unmu na ƙasar Zuru, da zarar dattawa sun ga ikkilisiya ta yi sanyi, maganin da ke fara faɗo musu shi ne taron farkaswa. A gayyato mai wa'azi daga Kontagora ko Birnin Kebbi, a yi hayar janareta da lasifika, a kwana uku ana waƙa, mutane su fito gaba su durƙusa suna hawaye. Ba na raina wannan, a irin taron nan ni ma na karɓi Almasihu. Amma ni ne magatakardan ikkilisiyarmu, ni ke ƙirga kawuna ranar Lahadi, na kuma san yadda bencin baya ke komawa wayam kafin wata ya zagayo. Wanda ya sha kuka daren Juma'a, ranar Litinin har yanzu ba ya amsa gaisuwar ɗan'uwansa saboda iyakar gona.

Abin da na ga ya fi riƙe mutane bayan baƙo ya tafi shi ne gayya, wato ikkilisiya ta ɗauki fartanya ta je ta nome wa gwauraye da tsofaffi da marasa lafiya gonakinsu. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu Dakarkari sun san golmo, inda samari ke haɗa ƙungiya su yi wa surukai noma shekara da shekaru, har 7, kafin a ba su mata. Lokacin da 'yan mishan na United Missionary Society suka iso Zuru a shekarun 1920, sun tarar da mutanen da suka iya jeruwa su sunkuya a kan kunya ɗaya. Mu dai mun sauya wanda ake yi wa aikin, muka kuma cire burkutu. Ga yadda muke shirya ta, ko wata ikkilisiya za ta so ta gwada.

Ku fara tun da rani, wajen Fabrairu ko Maris, lokacin da hatsi ya shiga rumbu kuma hankali ya kwanta. Kada a fara da sanarwa a bagade. Wanda abin ya dama ya sami Baba Fasto su biyu, daga nan a kai wa dattawa, sannan a zauna da shugabannin Zumuntar Mata. Kada ku tsallake matan nan. Dattijo ya san wanda bai zo sujada ba, amma mata ne suka san gidan da ba a ɗora tukunya jiya da dare ba.

Daga nan a zaɓi mutum 5 zuwa 7 su riƙe aikin. A sa mata aƙalla biyu, da shugaban matasa, da manomi na gaske wanda in ya dubi sama ya taka ƙasa zai ce muku gobe ta yi noma ko ba ta yi ba. A Ayyukan Manzanni sura 6, da Yahudawa masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana mantawa da gwaurayensu wajen rabon abinci, manzanni sun ce jama'a su zaɓi mutum 7. Ku duba sunayen, Istifanas da Filibus da sauran: dukansu sunayen Helenawa ne. Ga alama daga ɓangaren masu kukan aka ɗebo su. Majami'unmu cike suke da Dakarkari da Fakkawa da Dukkawa da Kambari da Hausawa, ga kuma waɗanda suka gudo daga ƙauyuka. In kwamitin duka 'yan gida ɗaya ne, ko duk 'yan asalin gari, gunagunin zai riga damina sauka.

Fitar da sunayen gonakin da za a je shi ne wurin da ake samun ɓacin rai, don haka a nan nake so a daɗe. Mu muna bin abin da Bulus ya rubuta wa Timoti a wasiƙarsa ta fari sura 5: gwauruwar da ke da 'ya'ya ko jikoki, su ne za su fara ɗaukar nauyinta, don kada a nawaita wa ikkilisiya ta kasa kula da waɗanda ba su da kowa. Saboda haka in tsohuwa na da 'ya'ya maza ƙarfafa suna zaune a Kaduna ko Sakkwato, aikinmu na farko waya ce, a kira su a tuna musu da uwarsu cikin mutunci. Sau da yawa sukan aiko da kuɗin ƙwadago, shi ke nan an rage mana gona guda. Waɗanda muke sa wa a gaba su ne gwauruwa mai ƙananan yara, tsoho ko tsohuwar da ba ta da mai kama mata, magidancin da ciwo ya kwantar a bakin damina, da matar da aka sace mijinta ko ya ɓace. Ba ma duba wa ya fi ba da baiko, ba ma duba wa ya fi zuwa addu'ar Laraba. Wata ta daina zuwa majami'a ne don ba ta da zanen da za ta ɗaura, ita ce ma ta fi bukata.

Shekarar farko kada ku wuce gona 4 zuwa 6. Kowace gona tana son a je mata aƙalla sau uku: noman farko, maimai, da girbi. In kun yi wa mace noman farko da kiɗa da murna, kuka ɓace, ciyawa ta dawo ta cinye dawar, ba ku taimake ta ba, kun dai sa ta zuba irinta a banza.

Kafin a ambaci sunan kowa a ko'ina, a je gidanta. Mata biyu da dattijo ɗaya, da yamma, ba ayari ba. Bayan an gaisa an tambayi yara, sai babbar cikin matan ta ce, “Mama, ikkilisiya na so ta zo ta kama miki aiki bana, in kin yarda.” In ta ce a'a, a bar ta, a koma bayan mako biyu. In ta yarda, a tambaye ta me take so ta shuka, tana da iri ko babu, sannan tambaya mafi nauyi: gonar ta wace ce?

Kada ku yi wasa da wannan tambayar. A wurarenmu, in miji ya rasu, 'yan'uwansa sukan ɗauka cewa ƙasar ta gidansu ce, matar kuwa zamanta na alfarma ne. In ba ku warware wannan ba, za ku sha rana ku nome, ku zuba taki, kaka ta yi, ƙanen marigayi ya zo da amalanke ya ce dawar gonar ubansa ce. Saboda haka dattawa biyu su je wurin babban gidan tun kafin ruwa ya sauka. Ba da faɗa ba. A durƙusa a ce, “Baba, mun zo neman izini ne. Muna so mu nome wa marayun ɗanka gonar ubansu, abin da ya fito ya zama na cinsu.” Da wuya dattijo ya ƙi wannan a gaban baƙi. In ya amsa, a yi godiya, a kuma biya ta wurin maigari a shaida masa, don maganar ta sami shaidu a wajen majami'a. Ni nakan rubuta rana da sunayen waɗanda suka ji a littafina.

Sai maganar lokaci. Wahalar gayya ita ce, ranar da gonar gwauruwa ke kukan noma, ranar ce gonar kowa ke kuka. Ruwa yakan zauna a wajenmu daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni, kuma makonni biyu zuwa uku bayan shuka ciyawa ta taso ko'ina lokaci guda. A nan za ku ji ana cewa, “Bari mu gama namu tukuna.” In kuka bi wannan, za ku isa gonarta lokacin da dawa ta riga ta yi ja ta tsumbure. Mu mun yanke safiya ɗaya a mako, daga ƙarfe 6 zuwa 11, ba ƙari. Mutum ya san kafin azahar yana gonarsa. Asabar ta fi, saboda 'yan makaranta da ma'aikata, muddin ba ta faɗa ranar kasuwarku ba. Mawaƙan majami'a da 'yan Birged, wato ƙungiyar yara da matasa ta majami'a, su mai da koyonsu yamma. Mutum 20 zuwa 25 sun isa su tashi matsakaiciyar gona kafin rana ta yi zafi. In kun fi haka, ku rabu biyu ku kama gona biyu, don taron yawa a ƙaramar gona hira yake haifarwa da tattake shuka.

A gayyar gargajiya mai gona ke ciyar da mutane. A tamu an juya: mai gona ba ta dafa komai. Zumuntar Mata su bi gida-gida tun ranar Alhamis, wannan mudun dawa, wancan tsamiya, wani sukari, a dama kunu mai kauri, in da hali a haɗa da ɗanwake ko dafaffen rogo. Amma in mai gonar ta kawo wani abu da kanta, a karɓa. Akwai tsohuwar da muka yi wa maimai, muna hutawa sai ga ta ta kwance bakin zanenta, soyayyar gyaɗa ce da ba ta cika tafin hannu biyu ba. Wani saurayi ya buɗe baki zai ce, “Haba Kaka, ki bar wa jikokinki,” sai dattijon da ke kusa ya taka masa ƙafa, ya miƙa hannu biyu ya karɓa, ya bi mu ɗaya-ɗaya yana ba kowa ƙwaya biyu-uku. Matar ta tsaya har muka cinye, sannan ta koma gindin itace ta zauna kamar kowace mai gayya da ta sallami baƙinta.

Batun giya kuwa, a faɗe shi fili tun a sanarwa: babu. In wani ya zo yana wari, kada a kore shi a gaban yara. A ba shi kunyar gefe, maganar ta jira sai an je gidansa.

Ranar aiki a haɗu a majami'a, a tafi tare. A bakin gona a yi waƙa ɗaya wadda kowa ya iya ba sai an buɗe littafi ba, a karanta aya ɗaya, mutum ɗaya ya yi addu'a. Minti 10 ya isa. Akwai 'yan'uwanmu da in aka ba su addu'a sai sun zaga daga Farawa zuwa Ru'ya ta Yohanna, irin waɗannan a ba su ta rufewa, lokacin yunwa za ta taimaka musu su taƙaita.

Jagoran aiki shi ke raba kunya, kuma rabon nan ba na ganin dama ba ne. A sa saurayi kusa da dattijo, a sa ɗan gari kusa da baƙo. Baba Fasto ma a ba shi tasa fartanyar. Ko kunya biyu ya yi ya gaji, matasa sun ga gumi a rigarsa, wa'azinsa na gobe zai shiga kunnensu dabam. Mutum biyu da ke gaba da juna kuwa, kada ku haɗa su ranar farko, za su gane dabara ce su daina zuwa. Ku bari sai fita ta uku ko ta huɗu, ku sa mutum ɗaya a tsakaninsu, can a aiki wannan na tsakiyar aike ya tafi ɗebo ruwa. A noma, wanda ya riga kai bakin kunya yakan juyo ya tari na kusa da shi, haka al'ada take, kuma kunya ce a gan ka tsaye maƙwabcinka na fama. Na ga mutanen da dattawa suka zauna da su a ofishin fasto aka tashi baram-baram, suka haɗu a tsakiyar kunya ɗaya, fartanya na karo da fartanya, ɗaya ya ce “Sannu,” ɗayan ya ce “Yauwa, sannu kadai.” Ba sulhu ke nan ba tukuna, amma daga ranar dattawa suka sami ƙofar shiga.

Wajen ƙarfe 9 a huta a inuwar ɗorawa a sha kunu. Kada kowa ya mai da hutun wa'azi. Jagora ya jefa tambaya ɗaya daga karatun Lahadin da ta wuce, ya yi shiru. Mutumin da bai taɓa ɗaga hannu a majami'a ba, in yana zaune a ƙasa da kofin kunu, sai ka ji ya ce ɗansa ya fara shan ƙwaya, ko bashin taki ya hana shi barci. Nakan riƙe irin waɗannan a kai, in mai maganar ya yarda a kai su addu'ar Laraba. A nan ne na fara ganin canji a ikkilisiyarmu. Da, addu'ar Laraba ta “Ka albarkaci marasa lafiya da matafiya” ce, mata shida da fasto. Yanzu ana kiran suna, ana kuma tambaya mako mai zuwa, “Ya jikin yaron?”

Dole in yi maganar tsaro, domin duk wanda ke Danko/Wasagu ko Sakaba ko Fakai ya san abin da 'yan bindiga suka yi wa noma a shekarun nan. Daren Juma'a a tambayi maigari da 'yan sa-kai labarin hanya. A ba mutum ɗaya ikon ya ce an fasa, kuma in ya faɗa babu gardama, babu mai ce masa ba shi da bangaskiya. Ba ganga, ba lasifika. A ajiye babura suna fuskantar hanyar gida. A ƙirga mutane wajen fita, a ƙirga wajen dawowa. In gonar matar tana can cikin daji, gara a nemi wanda zai ara mata fili kusa da gari, a bar waccan ta huta bana.

Ga kuma maciji, musamman kububuwa lokacin girbi, da ke son kwanciya ƙarƙashin karan da aka tara. Masu takalmin roba su riƙa ɗaga dami. In ta sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A hana shi tafiya da ƙafa, a ɗora shi a babur zuwa asibiti nan take. Ma'aji ya zo da kuɗin mai da na katin asibiti a aljihu kowace fita. Feshin maganin ciyawa kuma aikin manya ne masu rufe hanci da hannu, ba na 'yan Makarantar Lahadi ba.

'Yan'uwan da suka gudo daga Ribah da ƙauyukan kewaye suka zauna tare da mu, kada a tsaya kallonsu a matsayin masu karɓa kawai. Yawancinsu manoma ne da suka fi mu iya aiki, zaman banza ne ke kashe su. A fara kiransu cikin masu noma. Sannan a roƙi masu faɗin ƙasa su ara musu, a rubuta shekara nawa da sharaɗin, kowa ya sa hannu, don aro marar takarda shi ne rigimar baɗi.

Malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da 'yan kasuwa sukan ce su dai za su ba da kuɗi. A karɓa da godiya, amma a ce su zo ko sau ɗaya a damina, ko ruwa ne su raba. Kuɗin gayya a ware shi daga baiko, da littafinsa dabam, a karanta shiga da fita a gaban jama'a kowane ƙarshen wata. Kada a ba mai gona kuɗin taki a hannu, ba don rashin yarda ba, sai don yaro zai yi zazzaɓi a daren nan kuɗin ya tafi kemis. A sayo takin a zuba mata: ga masara, NPK wajen mako biyu bayan shuka, yuriya wajen mako biyar zuwa shida, bayan an yi noma kuma ƙasa na da laima. In wuta-wuta ta kama gonar dawa, a tuge ta kafin ta yi fure ta zubar da 'ya'ya, a kuma ba matar shawara baɗi ta sa gyaɗa ko waken suya a wurin.

In kuna da sauran ƙarfi kuma akwai tsohuwa a unguwa wadda ba Kirista ba, Musulma ce ko mai bin gargajiya, ba ta da kowa, ku nemi izinin danginta ku je. Ba sharaɗi, ba “sai ki zo ranar Lahadi.”

Hoto kuma na hana, kuma har gobe ina kan bakana ko da matasa na ganin tsufa ne. Ba a ɗaukar gwauruwa tsaye gaban gonarta a sa a Facebook. Ubangiji ya ce a Matiyu sura 6 kada hagu ta san abin da dama ke yi. Yaranta suna makaranta ɗaya da yaran masu yatsa a waya.

Wanda bai fito ba, kada a ci shi tara, kada a karanta sunansa a bagade. In ya yi fashi sau biyu a jere, mutum ɗaya ya leƙa gidansa, zumunci a ƙafa yake. Wani lokaci za ka tarar shi ne ya kamata a sa cikin jerin waɗanda za a nome wa. Wani kuwa lalaci ne kawai, kuma akwai waɗanda za su zo gona kullum amma majami'a sai Kirsimeti. Gayya ba ta gyara kowa.

Da kaka, duk abin da aka girbe ya shiga rumbunta. Kada wani mai himma ya ce a cire zakka tun a gona. In ta ga dama ta kawo nata ranar godiyar kaka, tsakaninta da Allah. Wake a shanya shi ya bushe sarai, a zuba a buhun PICS mai ruɓi uku a ɗaure kowane ruɓi dabam, ba sai an sa magani ba. Matan zumunta su zauna da ita su lissafa dami nawa zai kai ta Agusta, lokacin da hatsi ke tsada kuma rumbuna sun yi ƙasa, don kada ta kwashe ta sayar da arha a Disamba saboda kayan Kirsimeti. In kuna son taron farkaswa, yanzu ne lokacinsa, bayan girbi. Ku gayyato baƙonku, amma ku bar dare ɗaya ga 'yan gida su ba da shaida.

A Janairu kwamiti ya zauna ya buɗe littafi. A sauya rabin mutanen don kada aikin ya zama gadon wasu, a sake jerin daga farko. Za ku ga wata ɗanta ya girma ya isa riƙe garma, sai a cire sunanta a sa nasa cikin masu fita. Aikin rani kuma na jira: ɗakin tsohuwar da ke yoyo, rumbun da ya tsage, katangar da ta faɗi, duk a gama su kafin iskar farkon damina ta Afrilu. Ciyawar jinka kuwa ku yanke ta tun Nuwamba ku ɗaure ku jingine a harabar majami'a, kafin masu farauta su cinna wa daji wuta.